Rigar ƙwaurin mahayi: suwed ko fata mai sulɓi?

Sirdi irin na Ingila yana da wani hali da mutum ba ya ganewa sai ya yi kamar rabin sa'a a kansa. Igiyar da ke riƙe da likkafa siririyar fata ce, faɗinta kamar inci ɗaya, kuma a kan fatar gefen sirdi take kwance, daidai inda cikin ƙafar mahayi yake. Doki na fara sassarfa, mahayi na tashi yana zama, sai igiyar ta riƙa kai da komo tana matse naman sharaɓa tsakaninta da sirdi. Wanda ya hau da gajeren takalmi da wando kawai yakan sauko da shata ja a ƙafa, wani lokaci har da kwanciyar jini. Wandon kuma ya nannaɗe ya hau sama, gumin doki ya jiƙa shi sharkaf.

Maganin wannan tun asali dogon takalmi ne mai kaiwa gwiwa. Sai dai dogon takalmi yana da tsada, kuma samun wanda ya zauna daidai aiki ne, domin dole awo uku su dace a lokaci ɗaya: tsawon tafin ƙafa, kaurin sharaɓa da tsayin ƙwauri. Ga shi ba shi da daɗin zirga-zirga a ƙasa idan ana share barga ko ɗaukar ciyawa. Wannan ne ya sa mahaya da yawa suka koma ga gajeren takalmi mai tsayawa a idon sawu, su ɗora masa rigar ƙwauri, wadda masu sayar da kayan doki ke kira haf-caps. Fata ce da ke naɗe ƙafa daga idon sawu zuwa ƙasan gwiwa, da zif a gefe ko a baya, da roba mai talewa a jikin zif ɗin, da wata 'yar igiya da ke ratsawa ta ƙarƙashin takalmi don kada rigar ta hau sama. An gama hawa, a zuge a cire, takalmi ya ci gaba da aikinsa.

Wanda ya tashi saye zai tarar da iri biyu a gabansa. Akwai suwed, mai gashi-gashi da laushi a hannu, akwai kuma fata mai sulɓi da sheƙi irin ta takalmi. Abin da akan faɗa masa a taƙaice shi ne, suwed ta fi kama sirdi, mai sulɓi ta fi kyan gani. Maganar ba ƙarya ba ce, amma ta ranar farko ce kawai. Suwed ranar da aka saye ta ne take kan ganiyarta, daga nan sai raguwa. Fata mai sulɓi kuwa ranar farko ce mafi munin ranakunta, tana da tauri, tana da santsi, tana cizon bayan gwiwa, sai a hankali take gyaruwa. Duk wanda ya zaɓa bisa abin da hannunsa ya ji lokacin saye, suwed zai ɗauka, kuma ba lallai ne ita ce ta dace da shi bayan wata shida ba.

Don a gane dalili, sai an koma ga fatar kanta. Fatar saniya tana da kauri sosai, ta fi ƙarfin a yi sutura da ita yadda take. A masana'antar jima akan sa ta a wani inji mai doguwar wuƙa ya tsaga ta a kwance, ta fita falle biyu ko fiye. Fallen sama, wato fuskar da gashi ya tsiro a kai, shi ne fata mai sulɓi. Zaruruwan da suka haɗa wannan fuska ƙanana ne, a cunkushe suke ƙwarai, domin ita ce ta tare wa dabbar ruwa da ƙaya da rana tun tana raye. Fallen ƙasa, na wajen nama, ba shi da wannan fuska. Zaruruwansa sun fi kauri, sun fi sakwarkwacewa, kuma wuƙa ta yanke su a tsakiya. Shi ne akan goge da sanfefa har ya tada gashi-gashi, ya zama suwed. Akan yi ta kuma da fatar akuya da ta tunkiya da ta alade, inda sau da yawa cikin fatar kawai ake gogewa, amma rigunan ƙwauri galibi na tsagin fatar saniya ne. Mai son sanin dabbar da aka yi tasa da ita sai ya karanta takardar da ke jiki.

Kusan duk bambancin da ke tsakanin su biyun daga nan ya samo asali. Gashi-gashin nan dubban ƙananan bakunan zare ne a tsaye, su ne ke kama fatar sirdi. Su ne kuma ƙofofin da ruwa da gumi da ƙura ke shiga. Abin da ya ba ta riƙo shi ne ya hana ta kariya, ba a samun ɗaya a bar ɗaya.

Batun jima ba shi ne ke raba su ba, ko da yake mutane kan haɗa. Mafi yawan fatar sutura a yau da gishirin kuromiyam ake jeme ta, hanyar da ta fara yaɗuwa bayan Augustus Schultz ya yi rajistar tasa dabarar a Amurka a 1884. Tana gama cikin kamar kwana ɗaya abin da jimar ɓawon itatuwa ke ɗaukar makonni ko watanni, kuma tana ba da fata mai laushi da ke lanƙwasuwa. Suwed da mai sulɓi duka za su iya fitowa daga jima ɗaya, har ma daga fatar saniya ɗaya.

Yanzu ga batun riƙo, wanda shi ne ke jan yawancin masu saye. Mai koyon hawa ƙafarsa ba ta tsaya wuri ɗaya ba tukuna. A sassarfa tana lilo, dunduniya na tashi, likkafa na suɓucewa. Idan ya sa suwed zai ji bambanci nan take, ƙafar ta ɗan lafa a jikin sirdi, hankalinsa ya kwanta, kuma kwanciyar hankali a kan doki ba ƙaramin abu ba ne, domin mai tsoro ƙanƙame doki yake yi, doki kuma ya ji ya tsargu. A wannan mataki ina ganin suwed ta yi amfani na gaske, ban kuma yarda da masu cewa ai ha'inci ne ba. Haka ma mai hawan ɗanyen doki mai yawan zabura, ko mai fita daji inda ake hawa tudu ana gangarawa.

Amma a lura da abin da ke faruwa da wannan riƙo. Wurin da ke gugar sirdi ɗan fili ne a cikin sharaɓa, bai wuce tafin hannu biyu ba. Kullum ana danna shi, gumin doki na shigarsa, man da aka shafa wa sirdi na komawa kansa, ƙura na cakuɗuwa da su. A hankali gashin ya kwanta, ya manne, wurin ya yi baƙi ya fara ƙyalli. Suwed da ta kai wannan hali ta fi fata mai sulɓi santsi, saboda abin da ke taɓa sirdi yanzu dattin da ya daskare ne, ba fata ba. Wajen ƙafar, wanda ba ya taɓa komai, yana nan da gashinsa kamar sabo, sai mai ita ya duba ya ga ai lafiya lau take. Ana iya tada gashin da buroshi mai ɗan tauri, na roba ko na siraran wayoyin tagulla, kuma idan ana yi bayan kowane hawa rigar takan daɗe da riƙonta. Tambayar ita ce ko za a yi. Yawancin mutane sun sayi suwed ne don sun ji an ce ba ta son wahala.

Fata mai sulɓi tafiyarta akasin haka ce. Sabuwa tana zamewa a kan sirdi, musamman idan shi ma sabo ne, har takan yi ƙara ƙiiƙii idan fata ta gogi fata. Bayan an yi ta hawa, zafin jiki da motsi su tausasa ta, ta ɗauki siffar ƙafar mai ita, ta yi ƙananan lanƙwasa a idon sawu inda ya kamata. Idan ana goge ta da sabulun sirdi mai giliserin, fuskarta takan yi wani ɗan danƙo mara yawa wanda ke kama fatar sirdi daidai gwargwado. Wannan riƙo bai kai na sabuwar suwed ba, amma ba ya gudu, kuma shafa ɗaya ke dawo da shi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mai koyo ba, wato riƙo yana iya yin yawa. Ƙafar mahayi da ita yake magana da doki. Matsi kaɗan a daidai majayi na nufin ci gaba. Idan ana son doki ya tashi daga sassarfa ya shiga ƙaramar sukuwa, ƙafar waje, wato wadda ke ta wajen da'irar da doki ke zagayawa, takan ɗan ja baya da majayi, ta cikin ta tsaya a wurinta. A tafiyar gefe ma haka, ƙafa na matsawa 'yan santimita ta dawo. Duk wannan na bukatar ƙafar da ke iya zamewa a hankali ba tare da an ɗaga ta daga jikin doki ba. Rigar da ta manne wa sirdi takan sa mahayi ya fizgi ƙafar kafin ta motsa, saƙon ya isa ga doki da ƙarfin da ba a nufa ba. Abin da ya fi wannan damuna shi ne mahayin da ya saba rataya nauyinsa a kan riƙon riga. Zaman doki daga daidaiton jiki yake zuwa, nauyi ya sauka ta cinya zuwa dunduniya. Wanda ya saba matse sharaɓa don ya zauna, kullum yana ce wa dokinsa tafi ba da saninsa ba, har dokin ya gaji ya daina sauraron ƙafa gaba ɗaya. Laifin ba na suwed ba ne, amma takan ɓoye matsalar ta daɗe ba a gyara ba.

Sirdin da za a hau ma yana da ta cewa. Sirdunan roba irin na Wintec, na ƙasar Ostareliya, akwai masu fuska mai gashi-gashi, kuma suwed a kan irin wannan fuska kamawa take sosai, fiye da yadda yawancin mahaya ke bukata. A can mai sulɓi ta fi dacewa. A kan tsohon sirdin fata da ya goge ya yi santsi kuwa, suwed na taimakawa. Sai sirdunan da aka lulluɓe gefensu da lallausar fatar maraƙi, waɗanda ke da daɗin zama amma ba sa jure guga. Suwed mai tsabta ba ta cutar da su. Wadda yashi ya shige cikin gashinta kuwa sanfefa ce, kowane taku tana cin fuskar sirdin kaɗan-kaɗan, kuma sirdi ya ninka rigar ƙwauri tsada nesa ba kusa ba. Mai irin wannan sirdi, ko dai ya riƙa kaɗe rigarsa kafin ya hau, ko ya ɗauki wadda tsumma ɗaya ke share ta.

Gumin doki ya cancanci a tsaya a kansa. Doki na cikin dabbobi ƙalilan da ke sanyaya jiki da gumi sosai, kuma guminsa ya fi na mutum gishiri. Yana ɗauke da wani sinadari da ake kira latarin, wanda ke taimaka masa ya ratsa gashi ya bazu, shi ne ma ke kawo farar kumfar nan da ake gani inda linzami ko majayi ke guga. Wannan ruwa mai gishiri shi ne rigar ƙwauri ke sha a kowane hawa mai ƙarfi. A kan fata mai sulɓi yawancinsa a sama yake tsayawa, a sa ɗanyen tsumma a share. Suwed kuwa shanye shi take yi. Ruwan ya bushe, gishirin ya zauna a cikin zaruruwa, ya bar farar shata, fatar ta yi tauri ta ƙandare. Fatar da ta ƙandare kuma a wurin lanƙwasa take fara tsagewa, wato idon sawu.

Ruwan sama da taɓo ma haka. Taɓo a kan mai sulɓi ana wanke shi nan take. A kan suwed dole a haƙura ya bushe tukuna sannan a kaɗe da buroshi, domin gogar ɗanyen taɓo tura shi ciki take yi. Akwai feshin da ke sa ruwa ya zame daga kan suwed, yana kuma aiki, sai dai yana gushewa, dole a riƙa maimaitawa, kuma wurin da ke gugar sirdi ne ke fara rasa shi. Ga gashin doki lokacin da yake zubarwa, ga ɓurɓushin ciyawa, ga 'ya'yan ciyayi masu ƙaya, duka suna son suwed. Kowace iri ce ta jiƙe, a inuwa ake shanya ta inda iska ke kaɗawa. Wuta ko rana mai zafi na busar da man da ke cikin fata ta bar ta a ƙandare. Kada kuma a cusa ta a jaka da danshinta, fumfuna ba ta jira.

Wajen kulawa akwai kuskure biyu da ake yawan yi, kowace iri da nata. Na suwed shi ne shafa mata mai ko sabulun sirdi. Da zarar mai ya shiga, gashin ya kwanta ke nan, launi ya dagule, kuma da wuya ya dawo. Na mai sulɓi shi ne shafa man goge takalmi a cikin ƙafa. A wajen ƙafa babu laifi, shi ke kawo ƙyalli. A ciki kuwa yana sa santsi, yana kuma komawa jikin doki da shimfiɗar sirdi, kuma mai farin doki zai ga baƙar shata a haƙarƙarinsa. Sabuwar suwed mai rini mai duhu ita ma takan zubar da launi idan ta jiƙe, a kan wando mai haske ko a jikin dokin.

Game da zafi, akan ce suwed ta fi shan iska. Da ɗan gaskiya a ciki tunda ƙofofinta a buɗe suke, amma kaurin fatar da irin shafin da aka yi mata a ciki sun fi tasiri. Masu tseren dogon zango, waɗanda a manyan gasanni ke cin kilomita 160 a yini ɗaya, da yawansu ba sa ɗaukar ko ɗaya daga cikin biyun, sun fi son masu raga-raga marasa nauyi.

Inda zaɓi ke fita daga hannun mutum shi ne filin gasa. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, wadda aka kafa a 1921 kuma hedikwatarta ke Lozan a Suwizalan, ita ke da dokar gasannin ƙasa da ƙasa, kowace ƙasa kuma hukumarta na da nata littafin. Inda aka yarda a shiga da rigar ƙwauri a madadin dogon takalmi, abin da ake nema shi ne daga nesa ta yi kama da dogon takalmin. Dokar diresaj ta Amurka, wato gasar nuna horon doki a fili, ta daɗe tana sharɗanta wa 'yan ƙananan matakai cewa rigar ta zama ta fata mai sulɓi ko makamanciyarta, launinta ɗaya da na takalmi, babu tuntaye. Ana sabunta waɗannan dokoki lokaci zuwa lokaci, saboda haka littafin shekarar da ake ciki shi ne abin dubawa. Amma wanda ke da niyyar shiga gasa ko da nan gaba ne, kuma riga ɗaya zai iya saye, mai sulɓi ce za ta shigar da shi wurare da yawa.

Sai dai ba duk abin da ke da sulɓi ne fuskar fata ba, kuma nan ne ake cutar masu saye. Fallen ƙasan nan da ake yin suwed da shi, ana iya shafe shi da roba a buga masa zanen ƙofofin gashi da inji, ya fito yana sheƙi kamar fallen sama. A takarda za a rubuta fata ce ta gaske, kuma ba a yi ƙarya ba, sai dai ba a faɗi daga wane falle ba. Irin wannan ta haɗa raunin tsagi da rashin numfashin roba. Ba ta laushi da amfani, ba ta shan mai, kuma idan shafin ya fara tsagewa a idon sawu sai ya riƙa ɓarewa, babu gyara. Ana gane ta idan an lanƙwasa: fuskar fata ta gaske takan yi ƙananan tamoji marasa tsari, launi ya ɗan sauya, ita kuwa shafaffiya zanenta iri ɗaya ne ko'ina, kuma a bakin yanka akan ga siririn layin roba a kwance a kan fatar. Idan kuɗin mutum bai kai na fuskar fata ta gaske ba, ni dai shawarata ya ɗauki suwed mai kauri ya san abin da ya saya. Araha ba ta ado, amma suwed mai araha aƙalla ba ta yi alkawarin abin da ba za ta cika ba.

Haka kuma ba duk mai gashi-gashi ce suwed ba. Akwai nubak, wadda fallen sama ce aka ɗan goge fuskarta, gashinta gajere ne ƙwarai, ta fi suwed ƙarfi amma ita ma tana shan tabo. Akwai kuma suwed ta roba, irin su Clarino na kamfanin Kuraray na Japan da wadda ake kira Amara, waɗanda da siraran zaruruwan roba ake yin su. Da yawansu ana jefa su a injin wanki, ba sa ƙandarewa bayan sun jiƙe, kuma wannan ya warware babbar matsalar suwed ta fata, wato gishirin gumi. Ba sa ɗaukar siffar ƙafa yadda fata ke yi, kuma idan sun gaji hujewa suke yi. Ga yaro mai girma, wanda ƙafarsa za ta wuce rigar kafin rigar ta tsufa, ban ga dalilin sayen fata mai tsada ba. Ta roba ta ishe shi.

Masu ɗinki sun daɗe da lura cewa cikin ƙafa da wajenta ayyukansu daban ne, shi ya sa akwai riguna masu sulɓi a waje da facin suwed a ciki. Dabara ce mai kyau ga wanda ke son riƙo kuma yana hawa cikin taɓo. A tuna kawai cewa facin nan shi ne daidai wurin da gumi ke sauka, don haka buroshi bai tafi hutu ba, kuma kafin shiga gasa a tabbatar doka ta yarda da shi.

Idan aka tambaye ni kai tsaye, mai hawa kusan kullum, ko mai hawa dawakai da yawa a yini, fuskar fata mai sulɓi ya kamata ya saya, ya jure makonnin farko. Tsadarta za ta rabu a kan shekaru. Mai hawa sau ɗaya a mako a wuri busasshe, ko mai koyon da bai tabbatar zai ɗore ba, suwed ta wadatar, zai ji daɗinta tun ranar farko, kuma ba zai gaji da ita da wuri ba tunda ba ya ba ta wuya.

Duk wannan kuwa ba shi da amfani idan awo bai yi daidai ba. Rigar da ta yi yawa tana juyawa a ƙafa, zif ya koma inda bai kamata ba, ta tattare a idon sawu ta yi ƙunci da kanta. Ana awo ne da wandon hawa da safa a jiki, mutum na zaune, gwiwa a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. A zagaya tef ɗin tela a wuri mafi kauri na sharaɓa, sannan a auna tsayi zuwa lanƙwasar bayan gwiwa. A auna ƙafafu biyun, domin ba kasafai suke zuwa ɗaya ba, a bi wadda ta fi kauri. Kowane kamfani da jadawalinsa, matsakaiciyar Ariat ta Amurka ba lallai ta zo ɗaya da ta Tredstep ta Ailan ko ta Mountain Horse ta Suwidin ba, kuma wasu daga ƙasa suke fara auna tsayi, wasu daga idon sawu. Lambar santimita ce abin bi.

A nan ma halin fatun biyu ya bambanta. Suwed tana buɗewa da yawa kuma da wuri, saboda sakwarkwacewar zaruruwanta, don haka a saye ta da ɗan matsi, yadda zif zai rufu da ɗan ƙoƙari amma jini na gudana. Wadda ta zauna cif-cif ranar farko za ta yi yawa nan gaba kaɗan. Mai sulɓi ba ta buɗewa sosai a faɗi, amma tana sauka a tsayi idan idon sawu ya lanƙwashe, kamar santimita 1 zuwa 2, shi ya sa sabuwa ya kamata ta ɗan taɓa bayan gwiwa. Wadda tsayinta ya yi daidai tun farko za ta koma gajera, bakinta na sama ya riƙa kama ƙasan fatar gefen sirdi yana maƙalewa. A gwada ta kuma da takalmin da za a riƙa hawa da shi, a duba igiyar ƙasa ta zauna a kwarmin gaban dunduniya, ba a wurin da likkafa ke zama ba.

Abin da ke fara mutuwa a rigar ƙwauri, ko wace iri ce, yawanci ba fatar ba ce. Zif ne, sai robar gefensa, sai igiyar ƙasa da ake takawa a kan tsakuwa. Yashi ke shiga haƙoran zif ya cinye su, saboda haka tsohon buroshin haƙori da ɗan kakin zuma na ƙara masa kwana sosai. A riƙa zuge shi har ƙarshe kafin a cire rigar, kada a fizge ta rabi a rufe. Lokacin saye a duba ko an ɗinka zif ɗin yadda baduku zai iya farke shi ya sa wani. A kan fata mai sulɓi mai kyau canjin zif ya cancanci kuɗinsa, domin fatar na iya cinye zif biyu ko uku tana nan. A kan suwed da ta riga ta buɗe ta yi ƙyalli a ciki, yawanci lokacin da zif ya mutu ita ma ta kusa.